Tsamiyar Bayan Silima

Ranar Talata jirgi ke isowa Ƙaura,
inda dogo ya gaji ya tsaya.
Cikin kayansa har da gwangwanaye huɗu
masu faɗin faifai.
Tsalha zai ɗaure su a bayan keke
yana kaffa-kaffa kamar mai dakon ƙwan zabi.

An ce wani Kwara ne ya gina ta
shekarar da gyaɗa ta yi daraja.
Da gyaɗa ta faɗi ya sayar wa Alhaji Nomau,
ya bi jirgin da ya kawo shi.
Ba rufi. Bango huɗu da ƙofar kwano,
ɗaya an shafe shi da farar ƙasa,
sai benci, sai kujeru goma sha biyu
na ma'aikatan reluwe da akawun kotu.

Mu ba mu da sule, muna da tsamiya.
Reshen sama na Labbo, don shi ne babba,
na tsakiya ni da Maiwada,
na ƙasa, inda ba a ganin komai sai goshin jarumi,
na ƙanena Anaruwa,
kuma bai taɓa ƙorafi ba.

Labbo ke fassara.
Ko Gusau bai taɓa wucewa ba,
amma Indiyanci a bakinsa kamar fura:
"Ta ce mishi, in ba ka biya bashin goro ba
kak ka ƙara tako ƙofar gidanmu."
Muka yarda.
Har yau ban ji fassarar da ta fi tasa ba.

Wani dare Tsalha ya rikita gwangwani,
mugun da aka harbe ɗazu ya tashi
ya zauna yana shan shayi.
Wuri ya kaure: "Tsalha, kuɗinmu!"
Mu na kan tsamiya mun fi kowa ihu,
mu da ko anini ba mu bayar ba.

Da damina shinge kan cika hasken injin,
jemage ya ratsa ta fuskar amarya.
Ruwa ya sauko, ba mai tashi.

In na lallaɓo gida Inna na zaure.
Ta tsince ganyen tsamiya daga gashina
kafin Baba ya ɗaga fitila,
sannan ta raɗa mini:
"To, ya same ta kuwa?"
Ita da ba ta taɓa ganin ƙofar wurin ba.

Sau ɗaya na shiga ta ƙofa.
Na yini ɗauke da allon talla a kasuwa
ina kaɗa ƙararrawa har hannu ya sage.
Ran nan na ga ashe suna da ƙafafu,
ashe har takalma suke sawa.

Daga baya jirgi ya riƙa fashi,
har ya daina zuwa.
Bidiyo ya shiga zaurukan unguwa.
Tsalha ya koma gyaran rediyo a bakin tasha
har idanunsa suka ƙi.
Magada suka zuba buhunan taki,
aka sare tsamiya aka yi turame.

Bara na je gaisuwar rasuwar Labbo,
na biya ta wajen bayan isha'i.
Ba taki yanzu. Mata ne daga ƙauyukan yamma
waɗanda dare ya kora daga gidajensu,
sun kafa murhu inda akawu ke zama.
Bangon ya yi jirwaye, amma da sauran fari.

Wata yarinya ta jingina tocila a kan bulo,
ta harɗe yatsu:
ga zomo, ga kare yana bin sa.
Yara bakwai sun zauna a ƙasa, baki buɗe,
wani mai kunnuwa irin na Labbo
yana gaya musu abin da zomon ya ce.

Na laluba aljihu.
Ba kowa a ƙofa da zan biya.
Na tsaya daga baya har aka kama zomon.